Jerin lambobi da tushen ƙirga: daga ƙirgar wuri a Salaga zuwa lambar 82,000

Jerin lambobi shi ne cikakkun lambobi da aka jera bi da bi bisa wata ƙa'ida, kamar 2, 4, 6, 8 ko kuma 1, 2, 4, 8, 16. A ilimin lissafi akwai wani rukuni na irin wannan jeri da ke duban kamannin lamba a rubuce, musamman idan an rubuta ta a tsarin ƙirga fiye da ɗaya. Misali, 585 gaba da baya duk ɗaya take karantuwa. Idan aka rubuta ta a tsarin da kwamfuta ke aiki da shi, sai ta zama 1001001001, wadda ita ma gaba da baya ɗaya ce. Lambobin da ke da wannan hali ba su da yawa, kuma masana sun tara su a jeri guda.

Wannan fanni ya tsaya a kan gaskiya ɗaya: adadi daban, rubutunsa daban. Goro talatin da ɗaya, talatin da ɗaya ne ko a ina, amma ana iya rubuta shi 31, ko 111, ko 11111, gwargwadon tsarin da aka zaɓa. Hausawan da ke kasuwanci a Salaga da Yendi da Bawku a arewacin Ghana sun daɗe suna aiki da wannan gaskiya, domin kuɗin da suka riƙe daga ƙarni na 19 zuwa yau, wato wuri da fam da mark da sefa da sidi, kowanne da irin ƙirgarsa.

Mene ne tushen ƙirga

A rubutun lamba na yau da kullum ana amfani da alƙaluma goma, daga 0 zuwa 9, kuma kowane alƙalami darajarsa na ga gidan da ya zauna. Daga dama akwai gidan ɗaya, sai gidan goma, gidan ɗari, gidan dubu. Kowane gida ya ninka na damansa sau goma, shi ya sa ake cewa tsarin yana da tushe 10. Daga Indiya ya fito, littafin Muhammad bin Musa al-Khwarizmi na wajajen shekarar 825 a Bagadaza ya yaɗa shi, kalmar sifiri ma daga Larabci Hausa ta aro ta.

Goma ba dole ba ce. A tushe 5 alƙaluma biyar ne kawai, 0 zuwa 4, gidajen kuwa su ne 1, 5, 25, 125. A tushe 2 alƙaluma biyu ne, 0 da 1, gidajen su ne 1, 2, 4, 8, 16. Saboda haka rubutun 111 ba shi da ma'ana sai an faɗi tushensa. A tushe 2 yana nufin 4 da 2 da 1, wato 7. A tushe 5 yana nufin 25 da 5 da 1, wato 31. Idan aka bi tushe 2 har zuwa tushe 10 ana karanta 111, za a sami jerin 7, 13, 21, 31, 43, 57, 73, 91, 111. Tazarar da ke tsakaninsu kuma 6, 8, 10, 12 ce, tana ƙaruwa da biyu-biyu. Wannan shi ne misali mafi sauƙi na jerin da ke haɗa tushe da tushe.

Hanyar mayar da lamba zuwa wani tushe ita ce a yi ta rabawa ana ajiye ragowa. Don mayar da 585 zuwa tushe 8: a raba da 8, a sami 73 saura 1, a raba 73, a sami 9 saura 1, a raba 9, a sami 1 saura 1, sai 1 ɗin ƙarshe. Amsar ita ce 1111. Tunda 8 ita ce 2 sau 2 sau 2, kowane alƙalami na tushe 8 yana daidai da alƙaluma uku na tushe 2, kuma 1 takan zama 001. Idan aka jera 001 sau huɗu aka cire sifiran farko, 1001001001 ce ke fitowa.

Ƙirgar wuri a hanyar Gwanja

Salaga, da ke ƙasar Gonja wadda Hausawa ke kira Gwanja, ita ce babbar kasuwar goro a ƙarni na 19. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato kan kawo tufafi da kanwa da fatu da dabbobi, su koma da goron Asante, kuma ayari da yawa ta Yendi suke bi. An kuma yi cinikin bayi a kasuwar. Kuɗin ciniki shi ne wuri, wanda asalinsa daga tekun Indiya ne, musamman tsibiran Maldives. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Goro kuwa da ƙwarya ake ƙirga shi, ƙwarya ɗaya goro ɗari.

Bajamushe Heinrich Barth ya ga yadda ake ƙirgar wuri a Tasawa, cikin Nijar ta yau, a farkon 1851. Ya bayyana cewa ba a shirya wurin a zare kamar yadda ake yi a wasu wuraren bakin teku. Biyar-biyar ake jan sa da yatsu, sannan a tara shi tsibi-tsibi na 200, wato hauya goma, ko na 1,000. Buhun tabarma kuma yana cin 20,000, abin da Hausawa suka sani da keso.

Idan aka duba da idon lissafi, wannan tsari ne mai gidaje, sai dai ninkin ba iri ɗaya ba ne. Ja huɗu na biyar-biyar hauya ce, hauya goma metan, metan biyar dubu, dubu ashirin keso. Wuri 47,365 ke nan keso 2, dubu 7, metan 1, hauya 8, da ja 1. Masana na kiran irin wannan gaurayayyen tushe. Aikin mai ƙirgar wuri, wato haɗa ƙananan tsibi su zama babba a bar abin da bai cika ba, shi ne ainihin rabawa da ajiye ragowa da ake koyarwa a aji.

Baƙin kasuwa ba ƙirga ɗaya suke yi ba. Hausa ta yau goma-goma take ƙirga, da kalmomin Larabci irin su ashirin, talatin, metan da hamsaminya, waɗanda suka maye gurbin gomiya biyu da gomiya uku na dā. Tana kuma ragewa, kamar a ce ashirin ba ɗaya. Dagbanci, harshen Yendi, goma-goma ne: pia goma, pishi ashirin, tuhili dubu. Kusaal, harshen Kusasawan Bawku, haka yake: piiga, pisi, tusir. Yarbawa kuwa, da suka yi kasuwanci sosai a arewacin Ghana har zuwa dokar korar baƙi ta 1969, ashirin-ashirin suke ƙirga. A wurinsu hamsin ita ce ashirin uku ba goma, arba'in da biyar kuma hamsin ba biyar, buhun wuri na 20,000 kuma shi ne oke. Can yamma, a ƙasar Bambara, abin da ake kira keme a ƙirgar wuri tamanin ne, alhali a bakin 'yan kasuwa Musulmi ɗari ne cif. Bafaranshe Louis-Gustave Binger, wanda ya sauka Salaga a 1888, ya ratso ƙasashen da ake wannan ƙirga kafin ya iso. Faransanci ma bai rabu da ashirin ba, tunda quatre-vingts ma'anarsa ashirin huɗu.

Fam, mark, sefa da sidi

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da zangunan kudu. Cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi har da Alhaji Umaru, malami kuma marubuci haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934. A 1899 Ingila da Jamus suka raba yankin: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta shiga Togon Jamus har zuwa 1914. Garuruwa biyu da ke kan hanya ɗaya suka wayi gari da kuɗi iri biyu. Mark na Jamus pfennig 100 ne, tushe 10 zalla. Fam na Ingila kuwa sule 20 ne, sule kuma kwabo 12, wani gaurayayyen tushen ke nan. A littafin ɗan kasuwa, fam 1 da sule 1 da kwabo 1 kwabo 253 ne: ga 1 uku a jere, amma ba 111 ba.

Ghana ta bar fam ranar 19 ga Yulin 1965. Sidin farko an yi shi daidai da kwabo 100, wato sule 8 da kwabo 4, fam ɗaya ya zama sidi 2.40. A watan Fabrairun 1967 aka fito da sabon sidi mai darajar sule 10. Sunan sidi daga kalmar Akan ta wuri aka samo shi. A Yulin 2007 aka cire sifiri huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi 1. Har yanzu akwai masu faɗin farashi da tsohuwar ƙirga, su ce miliyan ɗaya suna nufin sidi 100.

A Bawku, da ke dab da iyakar Burkina Faso da Togo, kusa da kasuwar Cinkassé, sefa ma na yawo. Hausawan Nijar da dala suke ƙirga sefa, dala ɗaya sefa 5, jika kuma sefa 1,000, wato dala 200. Masu jin Mosanci da Dyula su ma kowa da kalmarsa ta sefa biyar. Don haka "ɗari biyu" a bakin mutumin Maraɗi sefa 1,000 ce, a bakin matashin Bawku sidi 200 ce, wadda dattijo zai kira miliyan biyu. Duk wanda bai tambayi da wace ƙirga ake magana ba yana iya yin asara. Ƙirgar dala ba tushe 5 cikakke ba ce: gidan ƙasa ne kaɗai ke cika a biyar, sauran goma-goma suke. Kuma tunda 10 ita ce 2 sau 5, juyin yana da sauƙi. Daga dala zuwa sefa a ƙara sifiri a raba biyu, dala 35 ta zama 350, rabinta 175. Daga sefa zuwa dala a ninka biyu a cire sifiri.

Lambobi masu karantuwa gaba da baya

Kalmomin Hausa irin su nan da ana da aka, ko ta wane ɓangare aka faro, abu ɗaya ake karantawa. A lambobi ma haka: 7, 44, 313, 9009. Daga 1 zuwa ƙasa da miliyan ɗaya akwai irinsu 1,998 a tushe 10. Amma waɗanda suka riƙe wannan hali a tushe 10 da tushe 2 gaba ɗaya guda 19 ne kacal: 1, 3, 5, 7, 9, 33, 99, 313, 585, 717, 7447, 9009, 15351, 32223, 39993, 53235, 53835, 73737, 585585. Ga misali, 33 ita ce 100001, 99 ita ce 1100011, 313 kuma 100111001.

Babu ko ɗaya a cikinsu da ke rabuwa biyu, kuma dalilin a fili yake. A tushe 2 kowace lamba da 1 take farawa. In za ta karantu gaba da baya, dole ta ƙare da 1, lambar da ta ƙare da 1 a tushe 2 kuwa mara ce. Ko jerin yana da ƙarshe ko ba shi da shi, wannan tambaya ce da masana lissafi ba su warware ba har yau.

Akwai kuma jerin da ke kishiyar wannan. Kowace lamba daga 3 zuwa sama takan zama 11 a tushen da ya gaza ta da ɗaya: 10 a tushe 9 ana rubuta ta 11, haka 20 a tushe 19. Idan aka ajiye wannan gefe, sai a tambaya: wace lamba ce ba ta karantuwa gaba da baya a kowane tushe, daga 2 har zuwa wanda ya gaza ta da biyu? Bayan ƙananan farko, jerin shi ne 11, 19, 47, 53, 79, 103, 137, 139. Dukkansu lambobi ne da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Dalili kuwa, lamba mai rabuwa takan sami tushen da za ta fito da fuska biyu iri ɗaya: 20 ita ce 2 sau 10, don haka 22 ce a tushe 9, 100 ita ce 4 sau 25, don haka 44 ce a tushe 24, 25 kuma 121 ce a tushe 4. A nan kamannin rubutu ya tona wani hali na adadin kansa.

Wani abin da ke da alaƙa da juya lamba shi ne ninki. A tushe 10, 2178 sau 4 ta ba da 8712, 1089 sau 9 ta ba da 9801. Da 5 kuwa hakan ba ya yiwuwa, wato babu adadin dala da zai juye ya zama adadin sefarsa. Lambar da za a ninka sau 5 ba tare da ta ƙara gida ba dole ta fara da 1, juyinta ya ƙare da 1, alhali duk abin da aka ninka sau 5 da 0 ko 5 yake ƙarewa.

Lambobin 1 zalla, da na 0 da 1

Malaman hisabi na Afirka ta Yamma sun san rukunin haruffan da ake kira aiƙashi a lissafin abajada na Magrib: alif 1, ya 10, ƙaf 100, shin 1,000. Jimlarsu 1111, lamba mai 1 zalla a tushe 10. Kowane tushe yana da irin nasa. A tushe 2 su ne 1, 3, 7, 15, 31, 63, 127, 255. A tushe 5 su ne 1, 6, 31, 156, 781. Lambar 31 ta fito a jeri biyun: 11111 ce a tushe 2, kuma 111 ce a tushe 5. Akwai ta biyu, 8191, wadda 1 goma sha uku ce a tushe 2, kuma 111 ce a tushe 90, tunda 8,100 da 90 da 1 sun ba da 8,191. A 1917 René Goormaghtigh, ɗan ƙasar Beljiyam, ya yi hasashen cewa waɗannan biyun kaɗai ne ke da 1 zalla, aƙalla guda uku, a tushe biyu daban. Ba a sami ta uku ba, ba a kuma tabbatar da hasashen ba.

Idan aka yarda 0 ta shiga, sai a sami wani jeri mai ban mamaki. Ana neman lamba mafi ƙanƙanta sama da 1 da za a rubuta da 0 da 1 kaɗai. A tushe 2, amsar 2 ce. A tushe 2 da 3 tare, 3 ce. A tushe 2 da 3 da 4, amsar 4 ce. Da aka ƙara tushe 5, sai amsar ta yi tsalle zuwa 82,000. Ga rubutunta: 10100000001010000 a tushe 2, 11011111001 a tushe 3, 110001100 a tushe 4, 10111000 a tushe 5. Mai shakka yana iya gwada na ƙarshe: 78,125 da 3,125 da 625 da 125 sun haɗu sun ba da 82,000. A tushe 6 kuwa ta faɗi, kuma binciken kwamfuta bai gano lambar da ta cika sharaɗin daga tushe 2 zuwa 6 ba. Jerin dai a 2, 3, 4, 82000 ya tsaya.

Paul Erdős, ɗan ƙasar Hungary, ya kawo tambaya makamanciyar wannan a 1979. A cikin jerin ninkin biyu, wato 1, 2, 4, 8, 16, uku ne aka sani da ake rubutawa a tushe 3 ba tare da alƙalamin 2 ba: 1, da 4 wadda ita ce 11, da 256 wadda ita ce 100111. Ya yi hasashen babu wata bayan 256, kuma maganar tana nan a buɗe.

Sikeli da rabon kaya

Irin waɗannan jeri suna da fassara a kasuwa. Mai sikeli mai faranti biyu, in yana da duwatsun awo na 1, 2, 4, 8, 16 da 32, zai auna kowane nauyi daga 1 zuwa 63 yana ɗora duwatsun a faranti ɗaya. Tushe 2 ke nan: dutse ko an ɗora shi, 1, ko ba a ɗora ba, 0. In kuwa duwatsunsa 1, 3, 9 da 27 ne, a faranti ɗaya abin da zai iya aunawa shi ne 1, 3, 4, 9, 10, 12, 13, 27, 28 da sauransu har 40. Waɗannan su ne lambobin tushe 2, wato 1, 10, 11, 100, 101, aka karanta su kamar na tushe 3. Wani halinsu shi ne ba a samun uku a cikinsu masu tazara ɗaya, irin 2, 5, 8. Idan kuma aka yarda ya sa dutse a kowane ɓangare, duwatsu huɗun sun isa auna komai daga 1 zuwa 40: don auna 2, sai ya sa 3 a can, ya sa 1 tare da kayan. Wannan tsohuwar matsala ce da ake jinginawa ga Bafaranshe Claude-Gaspard Bachet na ƙarni na 17.

Rabon kaya ma haka. A ce mutum biyu za su raba dabbobi takwas masu daraja 8, 7, 6 har zuwa 1, kowa na zaɓar mafi kyau. In aka yi ɗauki-in-ɗauka, na farko zai tashi da 20, na biyu da 16. Amma a rubuta 0 zuwa 7 a tushe 2, a ƙirga 1 nawa ke cikin kowace. Inda adadin 1 ya zama cika, na farko ya zaɓa. Inda ya zama mara, na biyu ya zaɓa. Tsarin zai fito haka: na farko, na biyu, na biyu, na farko, na biyu, na farko, na farko, na biyu. Na farko zai ɗauki 8, 5, 3, 2, na biyu 7, 6, 4, 1, kowa 18. Ana kiran wannan jerin Thue-Morse, da sunan Axel Thue na Norway wanda ya yi rubutu a kansa a 1906 da Marston Morse na Amurka a 1921, ko da yake Bafaranshe Eugène Prouhet ya riga su tun 1851.

Hatimi da bugun ƙasa

A zangunan Ghana, kamar a ƙasar Hausa, an san hatimi mai gida tara: layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 yake bayarwa. Tarin takardun Larabci na farkon ƙarni na 19 da suka fito daga Kumasi, waɗanda ke ajiye a ɗakin karatun masarautar Denmark a Copenhagen, suna ɗauke da hatimai tare da wasiƙun malaman arewa, har da na Gonja. Malamin da ya fi shahara a wannan fanni daga ƙasar Hausa shi ne Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsine, wanda ya rubuta hanyoyin gina hatimi mai layuka mara a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Lissafin zamani na bayyana sirrin hatimin ta hanyar tushe 3. A cire 1 daga kowane gida, sannan a rubuta abin da ya rage a tushe 3. Layin sama zai zama 10, 22, 01. Na tsakiya 02, 11, 20. Na ƙasa 21, 00, 12. A kowane layi na kwance da na tsaye, alƙaluman hagu 0 da 1 da 2 ne, kowanne sau ɗaya, na dama ma haka. Gidan hagu ya ba da 3 sau 3, wato 9, gidan dama ya ba da 3, aka mayar da 1 ukun da aka cire, 15 ta cika. Tsarin da ya ɓuya a tushe 10 ya fito fili a tushe 3. Jimlar layi a hatimai masu layi 3, 4, 5, 6, 7 ita ma jeri ce: 15, 34, 65, 111, 175.

Bugun ƙasa, wanda Larabawa ke kira ilimin ramli, yana da siffofi 16. Kowace siffa layi huɗu ce, kowane layi ɗigo ɗaya ko biyu. Mai bugu kan zuba ɗigo a yashi ya yi ta cire biyu-biyu ya ga abin da ya rage. Ta fuskar lissafi, zaɓi biyu a gida huɗu shi ne 2 sau 2 sau 2 sau 2, wato 16, daidai da lambobin tushe 2 daga 0000 zuwa 1111. Bajamushe Gottfried Leibniz ya wallafa bayanin lissafin tushe 2 a 1703, kuma a kansa aka gina kwamfuta da wayar hannu. Shi ya sa ma'ajiyar waya ke zuwa da 32, 64, 128 ko 256.

Inda ake tara jerin, da amfaninsa

Babbar ma'ajiyar jerin lambobi ita ce OEIS. Neil Sloane ya fara tara su a 1964 yana ɗalibi a jami'ar Cornell ta Amurka. Littafinsa na 1973 ya ƙunshi jeri 2,372, na 1995 da ya yi tare da Simon Plouffe ya haura dubu biyar, a 1996 kuma aka sa tarin a intanet. Yau sun wuce dubu 350, kowanne da lambar shaidarsa. Jerin masu karantuwa gaba da baya a tushe 2 da 10 shi ne A007632. Shiga kyauta ne, mutum zai rubuta lambobin farko na jeri a nuna masa sunansa da ƙa'idarsa.

Ga ɗalibai, tushen ƙirga yana cikin manhajar lissafi ta jarrabawar WASSCE da ake yi a Ghana da Najeriya. Yaron da ya taso yana juya dala zuwa sefa, ko tsohon sidi zuwa sabo, ya riga ya riƙe rabin darasin. Abin da ya rage masa shi ne rubutawa. Ko dabarar gane lamba mai rabuwa da 9 ta hanyar tara alƙalumanta, daga tushe take: tana aiki ne domin 9 ta gaza 10 da ɗaya, a tushe 5 kuwa da 4 take aiki.

Sanin wannan yana kuma kare aljihu. A cacar lotto ta Ghana ana zaro lamba 5 daga cikin 90, kuma akwai masu sayar da hasashe da ke cewa in 13 ta fito, juyinta 31 na tafe. Dangantakar 13 da 31 a rubutun tushe 10 kawai take. A tushe 5 ɗaya 23 ce ɗaya 111, a tushe 2 kuma 1101 da 11111, babu abin da ya haɗa su. Hanyoyin da lamba biyar za su iya fitowa daga 90 sun kai 43,949,268, damar cin lamba biyu da mutum ya zaɓa kuwa kusan 1 cikin 400 ce, ko wace biyu ya zaɓa.

Ƙa'idar da masana ke bi wajen tantance kowane abin mamaki na lamba ita ce a sauya tushe a sake dubawa. Rabuwa biyu, ko ƙin rabuwa sai da 1 da kanta, halin adadi ne, yana nan a kowane tushe. Karantuwa gaba da baya, ko ƙarewa da sifiri, halin rubutu ne, yakan ɓace da an sauya tushe. Jerin da aka kawo a sama suna tara lambobin da suka riƙe kamanninsu a tushe fiye da ɗaya, kuma ƙarancinsu, 19 a cikin miliyan ko 82,000 ita kaɗai, shi ke nuna yadda hakan ke da wuya.